Ciwon Suga: Yadda Insulin Ke Aiki da Abin da Ya Kamata a Yi

A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan gaɓoɓi da aikinsu shi ne haɗa sinadaran da likitoci ke kira homon, su zuba su kai tsaye cikin jini, jinin kuma ya kai kowanne inda zai yi aiki. Fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ita ke ba wasu daga cikinsu umarni. Tayirod da ke gaban wuya tana daidaita saurin ƙona abinci, kumburinta kuwa shi ne maƙoƙo, wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin aidin ke jawowa. Adirinal biyu da ke saman ƙoda suna shirya jiki a lokacin firgici ko wahala. Sai fankiriyas, wadda ke kwance bayan tumbi, kuma matsalarta ce ta fi kai mutane asibiti.

Idan aka ci tuwon masara, shinkafa ko dankali, hanji yana narkar da su su koma suga, sugan ya shiga jini. Nan take fankiriyas ke sakin insulin, wanda ke sa tsoka da kitse su karɓi sugan, hanta kuma ta adana ragowar kamar hatsi a rumbu. In aka jima ba a ci komai ba, sai ta saki wani homon mai suna gulukagon, hanta ta fito da ajiyarta. Ciwon suga shi ne lalacewar wannan tsari. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, insulin ɗin ne babu, don haka allura ta zama dole har abada. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, insulin yana nan amma jiki ya daina jin umarninsa.

A yankin Maƙarfi, Kudan da Ikara, inda noman rake da dafa mazarƙwaila suka zama sana'ar gado, mutane da dama na ɗora laifin gaba ɗaya kan shan zaƙi. Maganar ba ta cika ba. Gado, teɓa, yawan zama wuri ɗaya da shekaru su ne manyan dalilai, zaƙi kuwa yana ƙara wa wutar itace ne. Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba: ƙwayoyin ƙiba irin su Dexamethasone, da wasu ke saya ba tare da takardar likita ba. Kwaikwayon homon ɗin adirinal suke yi, suna ɗaga suga da hawan jini, kuma barinsu farat ɗaya bayan an daɗe ana sha na iya kayar da mutum. Wanda ya saba da su, likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Alamomin ciwon sun haɗa da yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama duk da ana cin abinci, gani dishi-dishi da gyambon da ya ƙi warkewa. Jiran ganin kiyashi sun taru a fitsari kuskure ne, domin suga ba ya zubowa ta nan sai ya haura kimanin 180 a jini. Gwajin jini da safe kafin a karya shi ne hanya: 126 zuwa sama, in aka maimaita ya tabbata, ciwon suga ne, tsakanin 100 da 125 kuwa gargaɗi ne.

Wanda aka tabbatar yana da shi ya rage malmalar tuwo, ya yawaita wake, zogale, rama da kuɓewa, ya bar lemon kwalba da shayi mai suga. Tafiyar minti 30 a mafi yawan ranakun mako tana taimaka wa insulin. Kada a ajiye maganin asibiti don jiƙe-jiƙe, domin jin sauƙi ba warkewa ba ne. Manomi kada ya shiga fadama ba takalmi, kuma ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, saboda ciwon yana kashe jijiyoyi har ƙaya ta soke shi bai ji ba. Inda babu firji, a sa kwalbar insulin a leda a ajiye cikin sanyin randa, nesa da rana. Mai niyyar azumin Ramadan ya ga likita tun a Sha'aban.

Magani kan sa suga ya faɗi ƙasa da 70, a ga gumi, karkarwa da ruɗewa. A wannan hali guntun mazarƙwaila ko cokali uku na suga a ruwa ceto ne, muddin mutum yana iya haɗiya. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Ana yin gwajin a asibitocin Maƙarfi, Ikara da Hunkuyi, masu larura mai tsanani kuma ana tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya kamata ya gwada jininsa ko da bai ji komai ba.