Yadda Ake Saita Kafiretar Fijo 504

A makon jiya malamin fasaha ya kai mu garejin da ke bayan makaranta, inda muka tarar da wata tsohuwar Fijo 504. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Mai motar dattijo ne, da ita yake lodin fasinja ranar kasuwa, kuma ya ce cinikinsa duk a gidan mai yake ƙarewa.

Baban garejin ya ce matsalar daga kafireta ce. Ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Malam ya ƙara mana da cewa a nauyi, kashi 1 na fetur yana bukatar iska wajen kashi 14.7. Mu da muke zaton mota mai kawai take sha, ashe iska ta fi yawa!

Idan mai ya yi yawa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai warin fetur. Idan ya yi kaɗan, inji na ɗaukar zafi, yana tari, yana mutuwa. Fulogi ne ke tona asiri. Baba ya kunce ɗaya, sai ga shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da fari fat ya fito, to mai ne ya gaza. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi. Shuɗin hayaƙi kuwa ba ruwan kafireta, inji ne ke ƙona baƙin mai.

Bai taɓa komai ba sai da ya kakkaɓe matatar iska, ya bar injin ya yi zafi, ya tabbatar cok a mayar yake. Sannan ya sa sukudireba a kan ɗan sukurun da ke gindin kafireta. Ɗaurewa na rage mai, kuncewa na ƙarawa. Kwata-kwatan zagaye yake juyawa, ya tsaya, ya kasa kunne. Da injin ya fara rawa kamar zai mutu, sai ya koma baya a hankali har ƙarar ta daidaita, ya gyara silo da wani sukurun daban. Ya gargaɗe mu kada a matse shi da ƙarfi, don bakinsa siriri ne kamar allura. Shi wannan sukurun aikinsa lokacin silo ne. A kan gudu jet ne ke ba da mai.

Wani ɗan ajinmu ya miƙa hannu kusa da fanka, Baba ya daka masa tsawa. Ya kuma ce ba a wannan aiki a rufaffen ɗaki, saboda hayaƙin na kashe mutum, kamar dai na janareto.

Dattijon ya zagaya unguwa ya dawo, salansa babu baƙin hayaƙi. Mu kuma muka koma aji da maiƙo a farar rigar makaranta.