Haruffa Masu Ƙugiya da Lambobinsu a Cikin Kwamfuta

Ya kamata mai karatu ya sani cewa kwamfuta da lamba take gane harafi. A tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, lambar ƙ ita ce 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuwa 599. Yawancin fayilolin salon rubutu suna ɗauke da jadawali mai suna cmap, wanda ke haɗa kowace lamba da zanen harafinta.

A da, wasu masu ɗab'i sukan zana ƙ a gurbin wata alama dabam. Da zarar an buɗe takardar a wata kwamfuta, sai ƙ ta ɓace, baƙuwar alama ta maye gurbinta.

Maganin wannan shi ne a buɗe fayil ɗin da manhajar fontTools. Umarninta na ttx yana juyar da jadawalin zuwa rubutun da mutum zai iya karantawa, inda 409 ke fitowa a matsayin 0x199. Sai a mayar da kowane zane kan lambarsa, sannan a sake haɗa fayil ɗin. Amma kafin a taɓa shi, wajibi ne a ajiye kwafi, a kuma karanta lasisinsa, domin ba kowane salo aka yarda a gyara ba.