Bugatti Veyron: Motar da Ke Shanye Tanki Cikin Minti 12

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu muna sha'awar motoci masu gudun tsiya, amma ba mu cika tambayar abin da riƙe su ke ci ba.

Mu ɗauki Bugatti Veyron, wadda aka fara ƙerawa a ƙasar Faransa a 2005. Injinta silinda 16 ne, alhali Corolla da muke gani kullum huɗu gare ta. Tana iya gudun kilomita 407 a awa ɗaya. Sai dai a wannan gudun, tankinta mai cin lita 100 yakan ƙare cikin kamar minti 12 kacal!

Me ya jawo haka? Iska ce. Idan mota ta ninka gudunta sau biyu, iskar da ke tokare ta takan ninka sau huɗu, ƙarfin da injin ke buƙata don ratsa ta kuma sau takwas. Wannan ƙarfin kuwa daga fetur yake fitowa.

Tayoyinta ma ba na mai facin bakin titi ba ne, kamfanin Michelin ne ya yi mata su musamman. Kuma sai direba ya tsaya cak ya murɗa makulli na biyu kafin motar ta yarda ta ƙure gudunta.