Yadda Ake Bin Salsalar Gida a Ƙasar Rano da Kibiya

A Sukotland, wanda ke neman asalinsa yana da rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati tun daga 1855, da ofishi na musamman a Edinbura mai kula da tambarin manyan gidaje. A ƙasar Rano da Kibiya rajistarmu tana bakin tsofaffi, tana fuskokin mutane, tana cikin kirari, wani lokaci kuma tana rataye a zaure cikin kube. Duk ana iya karanta su, matuƙar ka riƙe ƙa'ida ɗaya: kada ka rubuta suna a salsala sai ka same shi daga baki biyu da ba su haɗa baki ba, kuma ka ɗaure shi da wani lamari da aka san shekararsa.

Mataki na 1: Fara daga kanka, ka hau sama

Samu littafi mai kauri. Rubuta sunanka, na mahaifinka, na kakanka, har inda saninka ya tsaya. Ware wani shafin don dangin uwa. Kowa ya san Rano na cikin Hausa Bakwai, har ana yi mata kirari da Autan Bawo, amma kada wannan ya sa ka fara daga Bawo kana gangarowa. Mai yin haka yakan cike giɓi da son zuciya.

Mataki na 2: Je wa tsofaffi, musamman mata

Gwaggo da inna da kaka su suka riƙe aure da saki da goyo, kuma a nan salsala ta fi ɓacewa. Tafi da goro da sabulu, ka zauna ƙasa, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya. Kada ka ce, "Inna, ba ni tarihin gidanmu." Yi tambaya ƙarama: "Inna, wa ya yi miki waliyyi?" ko "A wace gona Baba Tsoho ya fara noma?" Labari zai ɓalle da kansa.

Ka lura da alkunya. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai ta ce Malam ko Mai Gida. Nemi sunan yanka a wajen ƙanen mijin, ka rubuta shi gefe da laƙabi, don kada Tanko ɗaya ya zame maka mutum biyu.

Mataki na 3: Ɗaure kowane suna da zamani

Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Riƙe waɗannan a bayan littafinka: Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, 1893 zuwa 1895, zuwan Turawa, 1903, isowar jirgin ƙasa Kano, 1911, yunwar Kakalaba, 1914, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, canjin kuɗi zuwa naira, 1973, kammala madatsar ruwa ta Tiga, 1974. In an ce kakanka yana goye a shekarar Kakalaba, ka sami shekarar haihuwarsa kusan daidai. Daga nan sai ka ba kowane tsatso kimanin shekara 30 kana komawa baya. In lissafi ya ƙi, akwai sunan da aka tsallake.

Mataki na 4: Karanta alamomin gida

Tsaga ita ce tambarin da talaka da basarake duk suke ɗauke da shi. Duba tsofaffin hotuna, ka zana abin da ka gani: layi nawa, a kunci ne ko a gefen baki ko a goshi. Kai zanen wajen tsohon wanzami, zai bambance maka tsagar gado da ta kwalliya da ta magani.

Sai kirari da take. In gidanku na da sarauta ko sana'ar gado, kamar ƙira, rini, farauta ko fawa, nemi maroƙin gidan ya jero maka. Maroƙi yakan riƙe jerin sunaye da kyau, amma yabo sana'arsa ce, don haka ɗauki sunayen, ka ajiye zuga gefe. Wasan barkwanci ma shaida ne: tambayi su waye taubasan gidanku, da mutanen wane gari kuke tsokanar juna.

Mataki na 5: Duba kayan yaƙin da aka gada

Kudancin Kano bakin daga ne. Littafin Tarihin Kano ya kawo faɗan Sarki Yaji da Sarkin Rano a ƙarni na 14, ya kuma ce a zamanin Kanajeji, 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin Fulani, a Burumburum ya ƙare bayan jihadi ya ci Kano. A ƙarni na 19 kuma Ningawa sun yi ta kawo hari wannan yanki. Saboda haka gidaje da yawa suna da abin da ya rage.

Kowane makami yana faɗin matsayin mai shi. Sulke da kwalkwali kayan mai doki ne, masu tsada, galibi daga hannun sarki suke fitowa. Lifidi na nuna gidan 'yan lifida. Baka da kwari na dakaru ne da maharba. Tsohuwar bindigar toka tana iya zama ta 'yan bindigar fada ko ta farauta, sai ka bincika.

Shimfiɗa farin zane a inuwa, ka ɗora kayan, ka ɗauki hoto gaba da baya, har da ƙota da kube da layun da ke jiki. Kada ka buɗe laya. Kada ka goge tsatsa da yashi, ɗan mai a tsumma ya isa. Kada ka taɓa tsinin kibiya da hannu, domin da gubar kwankwani ake shafe ta. Sannan tambayi abu uku: wa ya fara riƙe shi, a wane yaƙi, ta hannun wa ya iso. Kada a sayar wa dillalai. Doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba da izini ba.

Mataki na 6: Taka ganuwa da kufai

A Turai da manyan majaujawa masu jefa duwatsu ake rusa katanga, kamar wadda Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya kafa wa gidan yaƙin Stirling a 1304. A nan ganuwar ƙasa ce, da gwalalo da sarƙaƙiya a bayanta, kuma da kiban wuta da tsani da toshe hanyar abinci ake cin gari. Igwa ce ta kawo ƙarshen wannan tsari: da ita sojojin Kanar Morland suka fasa ƙofar Bebeji, maƙwabciyar Rano, kafin su shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903.

Nemi mai unguwa ya haɗa ka da wanda zai nuna maka sawun tsohuwar ganuwa da kufan da danginku suka taso. Wanda kakansa ke cikin ganuwa tun fil azal daban yake da wanda hari ya koro shi daga ƙauye.

Mataki na 7: Nemi takarda

Fara da gidan liman da makarantar allo, inda ake samun haihuwa da rasuwa rubuce da ajami a gefen littattafai. Sai dagaci da hakimi, sannan fadar Rano, wadda tun 2024 masarautarta ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, inda za ka kwatanta makaminku da irinsa. A Kaduna akwai Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, mai riƙe da rahotannin haraji na gundumomi, waɗanda sukan kawo jerin dagatai da asalin ƙauyuka.

Mataki na 8: Rubuta gaskiya, ka raba

Kusa da kowane suna ka sa wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Inda baki biyu suka saɓa, rubuta duka. Kana iya tarar da asalin Maguzanci ko bauta ko ƙaura saboda yunwa. Kada ka goge, amma ka shawarci manya kafin ka yaɗa abin da zai taɓa mutuncin wani gida. In ka kammala, buga kwafi uku: ɗaya ga babban gida, ɗaya ga dangin uwa, ɗaya a wajenka. Bar shafuka biyar a ƙarshe babu rubutu, ka karanta sauran a gaban dangi ranar Sallah, domin a nan ne masu gyara za su fito.