Yadda Za Ka Yi Idan Garma Ta Tono Ƙasusuwa a Kufai

A ƙasar Kafur, musamman kewayen tsofaffin garuruwa irin su Gozaki, ba abin mamaki ba ne garma ta juyo toka da tsingaro da ƙasusuwa. Akasari sai a tsince a watsar a bakin gona. Abin yana yi mini ciwo, domin masarar da muke tinƙaho da ita yau ba ta iso Afirka daga Amurka ba sai bayan shekarar 1500. Abin da kakanninmu suka ci kafin nan, waɗannan tarkacen ne shaidarsa.

Da farko, tsayar da shanu, kada ka ƙara tono. Idan ka ga ƙoƙon kai ko wata alamar mutum ne, mayar da ƙasa ka sanar da mai unguwa.

Idan na dabba ne, ɗauki hotonsa da waya a inda yake kwance, ka ajiye fartanya a gefe don a gane girmansa, ka kuma auna zurfin wurin. Na ƙasa ya girmi na sama, ƙashin da aka raba da mazauninsa kuwa ya rasa rabin labarinsa.

Sai ka durƙusa ka duba da kyau. Siririn zane kusa da gaɓa aikin wuƙa ne, wato an yi fiɗa. Dogon ƙashi da aka fasa tun yana ɗanye, ɓargo aka nema. Wanda bakinsa kaɗai ya ƙone, ana kyautata zaton gashi aka yi, domin nama ya kare sauran daga wuta. Muƙamuƙi ya fi su duka daraja. Yadda dillali ke buɗe bakin rago a kara ya faɗi shekarunsa, haka masana ke karanta haƙoran. Idan ƙananan maza aka fi yankawa, mata suka tsufa a garke, to mutanen nan nono suka riƙe. Da irin wannan karatu aka gano cewa mutanen Gajiganna a Borno suna kiwon shanu da tumaki da awaki kusan shekara 3,800 da suka wuce. A tudun Daima ma, inda Graham Connah ya fara tono a 1965, ƙasusuwan shanu da na kifi sun fito da yawa.

Ƙayar kifi da ƙashin tsuntsu ba sa ganuwa sai an tankaɗe ƙasar da rariya, saboda haka kada ka kwashe tokar zuwa wata gona.

Kada ka wanke komai, har tsingaron. A yankin Nok ƙasa mai tsami ta cinye ƙasusuwa, amma a 2021 masu bincike suka bayyana cewa sun sami ragowar kakin zuma a jikin tukwanen da suka kai shekara 3,500. Sabulu ɗaya zai iya share wannan.

Abin da garma ta riga ta tumɓuke, bari ya sha iska a inuwa, ka naɗe shi a takarda, ba leda ba, ka rubuta rana da wuri. Dokar 1979 ta hana tonon kayan tarihi ba izini, don haka kai labari ta hannun dagaci zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Katsina, ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Kafin su zo, kewaye wurin da ƙaya saboda karnuka da yara.