Kafin ku miƙa wa yaro waya

'Ya'yana, ku da Allah Ya ba ku zuri'a a wannan zamani, ku ba ni aron kunnuwanku. Gidan da muka taso yana da zaure. Baƙo ba ya wuce nan sai ya yi sallama, maigida ya fito ya ga ko wane ne. Yau kuwa yaro ɗan shekara bakwai yana kwance kusa da uwarsa, baƙi suna ta shigo masa ta tafin hannu, babu mai sallama. Ban ce ku hana shi wayar ba, don da ita yake bitar darasi, da ita yake sauraren ƙira'a. Cewa na yi ku yi mata zaure.

Abin ba wuya, kuma yawancinsa kyauta ne. In wayar Android ce, akwai manhajar Family Link da Google ya fitar a 2017. Za ku buɗe wa yaron asusunsa, ku haɗa da naku. Daga nan in ya so sauke wani wasa, sai saƙo ya faɗo wayarku, ku yarda ko ku ƙi. Kuna iya yanka masa awa ɗaya ko biyu a rana, ku sa wayar ta kulle kanta da ƙarfe tara na dare. Masu iPhone suna da Screen Time tun 2018, aikinsa kusan ɗaya. A wajen bincike ku kunna SafeSearch, wanda ke ɓoye hotunan batsa daga sakamako. Ƙaramin yaro kuma ku ba shi YouTube Kids, wanda aka yi domin yara tun 2015, ku cire masa na manya.

Ku san kuma yadda tacewar take, don kada ku ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Iri biyu ce. Akwai mai riƙe da jerin shafukan da aka hana, ta buɗe duk sauran. Akwai mai rufe komai, sai abin da kuka zaɓa da hannunku. Ta farko kullum tana baya, don shafukan banza kowace safiya ake ƙirƙiro sababbi. Saboda haka ɗan firamare ta biyun ta fi dacewa da shi. In ya girma ya nuna hankali, sai a riƙa sassauta masa sannu a hankali.

Sai batun shekaru. Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai buɗe asusu, abin da ya samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998 mai kare bayanan yara. Ƙasar Ostareliya ma ta ga 13 ya yi kaɗan, ta kafa doka a 2024 ta mai da shi 16. To, ina dalilin da uba zai zauna da kansa ya ƙara wa 'yarsa mai shekara goma shekaru don ta samu asusu? Duk kariyar da aka tanadar wa yara ya cire mata ke nan, ya kuma koya mata cewa ƙarya ba komai ba ce.

Amma kada ku saita waya ku koma ku miƙe ƙafa. Manhaja ba ta ganin bidiyon da aboki ya turo ta WhatsApp, don saƙonnin can a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Ba ta ganin abin da aka tura ta Xender a bayan aji ba tare da data ba, ko wanda aka loda a shagon masu tura finafinai. Ba ta san nufin babban mutumin da ya shigo hirar cikin wasa yana kiran kansa ɗan shekara goma sha biyu ba. Kuma ku tuna, da aka rufe Twitter a Najeriya a 2021, matasa da yawa sun koyi amfani da VPN don zagaye shinge. Abin da yaya ya iya, ƙane ba ya daɗewa bai iya ba.

Nan ne aikin ya dawo kanku. Ku zaunar da yaron ku gaya masa abin da kuka sa a wayar da dalilin sa shi, kada ku yi masa a ɓoye, don ranar da ya gano zai daina yarda da ku. A ajiye wayoyi a falo in dare ya yi, a yi musu caji a can. Ke uwa, in kin miƙa wa ɗanki wayarki don ya yi shiru ki gama girki, ki san abin da ke cikinta. Kai uba, wanda ba ya ɗaga kai daga allo a wajen cin abinci, da wane baki za ka hana ɗanka?

Abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan: ranar da yaro ya zo ya ce, "Baba, na ga wani abu mara kyau," ko "Umma, wani yana turo mini hotuna," kada ku ɗauki bulala. Ku ce masa ya kyauta da ya faɗa, ku toshe wanda ya turo, ku kai ƙararsa ta cikin manhajar, sannan ku yi wa yaron bayani daidai hankalinsa. In kuka doke shi a ranar, gobe zai ga abin da ya fi wannan muni ya yi shiru, kuma shirun nan shi masu lalata yara suke nema.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku fara yau, tun kafin yaron ya fi ku sanin wayar. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su daga sharrin abin da muke gani da wanda ba mu gani.