Kafin Ka Ƙara wa Motarka Iska: Matakai ga Direbobin Gure

A kan kwaltar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Gure ta nufi Diffa, kowace mota jaruma ce. Sai an sauka daga kwalta an fuskanci arewa, wajen Kelle ko Tasker, da buhunan gero da duro na ruwa da fasinja a kan kaya, sannan mota take nuna halinta. Land Cruiser ta kama nishi a gindin tudun rairayi, baƙin hayaƙi na tashi, yaron mota ya ce: "Maigida, mu ma a sa mana tarbo mana." Kafin ka biye masa, ga abin da za ka bi daki-daki.

Mataki na 1: Gwada abin da ba ya cin kuɗi

Sau da yawa laifin ba na inji ba ne. Rage iskar taya zuwa wajen kilo 1.5 idan za ka shiga rairayi, ka kaɗe matatar iska, ka sa a duba kawunan da ke fesa gazuwal. Idan mota ta hau tudun bayan haka, ka mai da kuɗinka aljihu.

Mataki na 2: San injin da ke gabanka

Inji yana cin iska kamar yadda yake cin mai. Idan aka cusa masa iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, zai ƙona ƙarin mai ya ba da ƙarin ƙarfi. Na'ura iri biyu ce ke wannan aiki. Tarbo hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya shi. Kwamfaresa kuwa bel ne ke jan ta daga jikin injin; ita ce ake nufi da kalmar Kompressor da ke rubuce a bayan wasu motocin Mercedes. Irin wadda aka fi sani, mai suna Roots, wasu 'yan'uwa biyu ne suka yi mata rajista a Amurka a 1860, kuma tun asali don hura wutar narka ƙarfe aka yi ta. Zugazugi ce, a taƙaice.

In motarka mai shan isansi ce, kamar Land Cruiser mai injin 1GR-FE, lita 4, kwamfaresa ta dace da ita, domin tana ba da ƙarfi tun daga ƙasa, da zarar ka taka totur, kuma abin da rairayi ke so ke nan. In kuwa 1HZ ce mai gazuwal, wadda ta fi yawa a hannun masu shiga daji, maganarka ta tarbo ce.

Mataki na 3: Auna lafiyarsa

Kunna mota ta yi zafi, ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. In hayaƙi na bulbulowa daga ciki, zobban fistan sun gaji. A sa makanike ya auna matsin kowane tulu cikin shidan da injin ke da su. Tsohon jaki ba a ƙara masa mangala. Injin da ya riga ya fara shan baƙin mai, tarbo zai ƙarasa shi ne kawai.

Mataki na 4: Kada ka yi haɗama

Nan ne mutane ke asara, don haka bari mu ɗan tsaya. Toyota ta fito da 1HZ a 1990, lita 4.2, ƙarfin doki wajen 130, ba tarbo. A shekarar kuma ta fito da ɗan'uwansa 1HD-T, girmansu ɗaya, amma shi da tarbonsa daga kamfani, ƙarfin doki wajen 165. Bambancinsu ya wuce na'urar da aka liƙa a gefe. Shi 1HD-T yana fesa mai kai tsaye a kan fistan da aka ƙera don ɗaukar wannan wuta. Shi kuwa 1HZ a wasu ƙananan ɗakuna cikin kan inji yake fara ƙona mai, kuma matsinsa ya riga ya yi yawa, ya haura 22 bisa 1. In aka takura masa, ɗakunan nan da fistan ne ke fara tsagewa.

Saboda haka, ƙarin matsin iska ya tsaya tsakanin kilo 0.5 da 0.7. Rabin kilo ma ba ƙaramin abu ba ne, kusan ƙarin rabin iskar da injin ya saba shaƙa ke nan. Kuma ka hana makanike ya buɗe famfon mai sosai don ka ji daɗin gwaji. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya fi iska yawa, shi ke dafa fistan.

A nawa ganin, wanda ke da hali ya nemi 1HD-T sukutum ya ɗora, ya fi kwanciyar hankali.

Mataki na 5: Zafi da ƙura

Iskar da aka matsa zafi take yi, ga shi a Afrilu da Mayu zafin Gure yakan haura digiri 40. Don haka ka haɗa da intakula, wato lagireton da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji, ka wanke lagireton ruwa ko ka sake shi. Sayi agogon zafin hayaƙi a dasa shi kafin tarbo. In allura ta doshi digiri 700, ɗaga ƙafa, ka sauko giya. Agogon ruwa ba ya faɗa maka da wuri.

Ƙura kuma maƙiyiyar tarbo ce. Farfelarsa tana juyawa sama da sau 100,000 a minti, rairayi kaɗan ya ishe ta ta zaizaye. Sa bututun shan iska na sama, a ɗaure kowace mahaɗa tam, ka riƙa duba matata kullum a lokacin hunturu.

Mataki na 6: Mai

Mai kwamfaresa, wannan naka ne. Injin isansi da aka ƙara wa iska ba ya jure gurɓataccen mai. Zai fara ƙwanƙwasa daga ciki. Tun 2011 matatar mai ta Soraz ke aiki kusa da Damagaram, don haka ka sha a gidan mai da ka yarda da shi. In ka san rabin tafiyarka a kan man kwalba na bakin hanya take, ka haƙura da kwamfaresa.

Mataki na 7: Wajen saye

Ko a Damagaram ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, tafi da makanikenka. Kama sandar farfelar tarbo da yatsa: motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi, amma kada ta yi gaba da baya, kada kuma ta goga jikin gidanta. Duba fukafukan ko sun guntule, ka leƙa ko mai ya jiƙa ciki. Tambayi kuɗin komai a haɗe, har da bututun mai, salansa mai faɗi da kuloci mai ƙarfi, domin tsohon zai fara sulɓi.

Bayan an ɗora, ka riƙa juye baƙin mai duk kilomita 5,000. In ka iso masauki daga doguwar tafiya, bar injin ya yi minti biyu yana aiki a tsaye kafin ka kashe, kuma ka koya wa yaron motarka haka.